Saƙon Abijan

Kamfanin da Alƙasim yake yi wa tuƙi yana da jiragen sama uku, amma ɗaya ne yake tashi. Sauran biyun suna zaune a gefen filin jirgi na Yamai, ana ciro kayan cikinsu ana ɗaura wa na ukun, har ta kai ba wanda ya san takamaimai wane jirgi ne yake tashin. A zamanin da uraniyom yake da daraja, wannan ƙaramin jirgi manyan injiniyoyi yake jigila tsakanin Yamai, Tawa, Agadas da Arlit. Da darajar ta faɗi, a tsakiyar shekarun tamanin, sai ya koma ɗaukar duk abin da Allah ya kawo: irin shuka, allurar shanu, da nasarun furoje, wato aikin raya karkara, na Keita, waɗanda suka taso daga ƙasarsu don su koya wa duwatsun Adar tare ruwan sama.

Mutum biyu ke tuƙa shi. Alƙasim yana kujerar hagu, wato shi ne kwamandan, jirgi da abin da ke cikinsa suna wuyansa. Takawa, abokinsa tun suna lakwal, makarantar boko ta Tawa, yana kujerar dama, ta mataimaki, inda yake da isasshen lokacin tsokana. Su biyun sun san kamfanin nasu ba zai ga damina biyu ba, kuma su biyun an buɗe musu ƙofa biyu.

Ƙofa ta farko ita ce babban kamfanin nan na ƙasashe da yawa, mai gida a Abijan. Manyan jirage, hula mai tambari, galo na muƙami a kafaɗa, kwana a otel, da abin sawa a baki idan tsufa ya zo. Sai dai baƙo a can daga ƙasa yake farawa, ko da ya tuƙa buraƙa ne a baya. Kujerar dama zai zauna har gashinsa ya fara fari. Ƙofa ta biyu wani kamfanin araha ne na Faransa, mai tsohon jirgi guda da ya saya hannu na biyu, yana kwaso 'yan makaranta da samari masu gemu da silifa daga Marsai ya zube su a Yamai. Abincin fasinja burodi ne a naɗe cikin takarda. A can mutum ba ya daɗewa zai hau kujerar hagu, idan kamfanin ya daɗe ke nan.

Takawa ya riga ya zaɓi na araha. Alƙasim kuwa ransa yana Abijan tun ranar da ya fara leƙa cikin babban jirgi yana ɗalibi, ya ga maɓallai har a rufi. Abin da ya rage masa shi ne albarkar uwarsa, don da ya koma Yamai zai ba da amsa.

"Kai dai hula kake so," in ji Takawa, ranar da suke kan hanyar Keita, tsaunuka jajaye suna wucewa ƙarƙashinsu. "Za ka bar hagu ka koma dama, ka yi ta cewa 'to, kwamandan' ga wani tsoho mai tumbi."

"Kai kuma za ka zama kwamandan na jirgin da ya girme ka."

"In ya girme ni sai in girmama shi. Wannan da muke ciki fa, shekarunsa nawa?"

"Wane ɓangarensa?" in ji Alƙasim.

Suka sauke nasarunsu a filin da aka share kusa da Keita, suka roƙi motar furoje ta rage musu hanya zuwa Tabkin Saude, ƙauyen su Alƙasim.

A nan wahalar take. Alƙasim ɗan fari ne, kuma Inna Cima mace ce mai riƙe da kunyar ɗan fari yadda ta gada. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta kallon fuskarsa, ba ta yi masa magana kai tsaye. Mutumin da yake magana da filin jirgi daga cikin gajimare bai iya magana da uwarsa daga nisan tabarma guda ba sai an sa tsani. Tsanin kuwa Kawu Bawa ne, ƙanen Inna Cima, dillalin albasa a Madawa, wanda ya zo ƙauyen gaisuwar wani suna. Kawu Bawa mutumin kirki ne, sai dai magana ba ta kwana a cikinsa.

Bayan la'asar suka zauna a tsakar gida. Inna Cima ta ba su rabin baya tana tsince wake a faifai. Takawa ya sami ƙwaryar fura ya ja gefe, kamar mai jiran wasa.

"Kawu," in ji Alƙasim, "ka gaya wa Inna shawara na kawo. Ban yanke komai ba tukuna, kuma ina so maganar ta tsaya a gidan nan."

"Cima, kin jiya!" in ji Kawu Bawa, da muryar da yake cinikin albasa da ita. "Asiri na!"

Alƙasim ya yi bayanin kamfanonin biyu dalla-dalla, da amfanin kowanne da illarsa, yadda aka koya masa tsara magana a makaranta. Kawu Bawa ya saurara yana gyaɗa kai, sannan ya isar.

"Ya ce kamfani biyu na. Guda na masu hali, guda na matsiyata."

Inna Cima ta ɗauke wata tsakuwa daga cikin waken ta yar. Ta ce wa faifan, "A tambayi wancan, na masu halin, ina gidansu?"

"Abijan," in ji Alƙasim.

Wannan kalmar Kawu Bawa bai isar da ita ba. Baki ya buɗe ya bar shi a buɗe. Abijan ce kasuwar albasar Madawa, kuma rabin albasarsa a hanya take ruɓewa, cikin kamyo, babbar motar kaya, a gaban shingayen jandarma da 'yan duwan masu binciken kaya.

"Ɗana," ya ce a hankali, "jirgin nan shina biyowa ta Yamai?"

"Kowane mako."

"Daga Yamai zuwa Abijan, kwana nawa?"

"Kafin shayi ya huce sau biyu an isa, Kawu."

Nan take Kawu Bawa ya tuna bai gaida liman ba, ya zura takalmansa ya fita.

Duk wanda ya san Adar ya san rabin mazanta suna Abijan. Da an gama girbi suke tafiya, wasu su dawo da ruwan farko, wasu su manta hanyar. Tsakanin waɗanda suka tafi da waɗanda aka bari, ba abin da ke riƙe da zumunci sai saƙo. Saƙo kuwa yana da dokokinsa, ba a rubuce suke ba, shi ya sa ba a karya su. Matafiyi ba ya ƙin saƙo. Abin da ya karɓa da hannunsa sai ya danƙa shi a hannun mai shi, ba aike, ba ajiyewa wurin maƙwabci. Kuma ya dawo da amsa. In amsar ba ta yi daɗi ba, ko rigar da aka aiko ta zo da wani launi daban, to ba mai aikowar ake zargi ba, mai kawowar ake duba da gefen ido har ya mutu.

Da gari ya waye Alƙasim ya fito zaure, sai ya tarar ba wurin sa ƙafa. Buhunan albasa sun kai rufi. Ga ƙullin kilishi, ga cuku a cikin tsumma, ga garin gero, ga tabarmi, ga kwalaben rubutu da aka toshe da totuwa, ga zabi biyu a ɗaure suna duban kowa da ƙiyayya. Wata tsohuwa ta kawo turmi, ta ce matar ɗanta ta aiko cewa turmin can ba ya daka fura yadda ya kamata. A waje mutane sun cika inuwar itacen bedi, har daga ƙauyukan wajen Buza, kuma ana ta zuwa bisa jakuna. Kawu Bawa yana tsaye a tsakiya yana nuna inda za a ajiye kowane kaya. Takawa ya jingina da bango, hawaye na zuba masa don dariya.

"Kawu, mene ne wannan?"

"Ɗan abin da ba a rasa ba. Na ce musu kar su yawaita, tahiyar farko ta."

Alƙasim ya hau kan wani kututture ya nemi a yi shiru. Ya ce jama'a su yi haƙuri, bai ma karɓi aikin ba tukuna.

"Allah shi sa alheri!" in ji jama'a.

Ya ce ko ya karɓa, jirgin ba nasa ba ne, na kamfani ne.

"Kamyon Maigari direba ma ba nashi ba na," in ji wani dattijo daga baya, "na Alhaji na. Ya taɓa hana shi ɗaukar saƙo?"

Alƙasim ya ce a can ba shi ne kwamandan ba. Mataimaki zai zama, mai zama a gefen matuƙi, ba shi da ta cewa.

Aka yi tsit. Alƙasim ya ɗauka maganar ta shiga. Sai ya ga fuskar Kawu Bawa tana washewa kamar an yi masa albishir da Makka.

"Karen mota!" in ji Kawu Bawa. "Jama'a, kun jiya? Karen mota za shi zama! Alhamdu lillahi. Ni da ina tsoron shi ad direba, don direba ba ruwanshi da kaya, zama shikai shina shan taba. Karen mota shi ka lodi, shi ka ɗaure igiya, shi ya san inda anka ɓoye kowane buhu!"

Mata suka rangaɗa guɗa. Takawa ya zame daga bangon ya zauna a ƙasa.

Alƙasim ya yi ƙoƙari na ƙarshe, irin na mai ilimi. Ya ce jirgin sama ba kamyo ba ne, kowane abu sai an auna nauyinsa, in gaba ya fi baya nauyi ko baya ya fi gaba, to sai salati. Don ya nuna musu yadda ma'auni yake, ya miƙa hannayensa biyu, tafukan suna duban sama, yana ɗaga wannan yana sauke wancan.

A daidai lokacin Zalika ta iso. Tana cikin matan da ke aikin furoje, masu ɗauko duwatsu daga tsauni a kansu suna jera su a gangare don su tare ruwa, a sallame su da abinci. Mata ne ke aikin saboda mazan suna inda aka sani. Nata mijin, Ɗanladi, ya yi damina da yawa bai leƙo ba. Ta ratsa taron ba ta ce wa kowa sannu ba, ta sauke wani jan dutse mai girman kan rago daga kanta, ta ga hannaye biyu a buɗe, ta ɗora shi a kai.

Alƙasim ya riƙe. Ba yadda zai yi, in ya saki a ƙafarsa zai faɗa.

"Ka kai ma uban Balki," in ji Zalika, don ba ta kiran sunan mijinta. "Ka ce mishi irin wanga nika ɗauka tun safe har azahar. Ka bari shi ɗaga shi da kainai, kar ka taimake shi."

"Baiwar Allah, dutse ne fa."

"Na san dutse na. Ni na ɗauko shi."

Alƙasim ya tsaya a kan kututture, dutse a hannu, ya dubi rayuwar da ke jiransa. Ya ga kansa da hula mai tambari da galo a kafaɗa, yana yawo a lungunan Abijan da zabi a hammata yana tambayar ina Ɗan wane yake kwana. Ya ga kansa yana dawowa kowane mako da katifu da rediyoyi, yana rantsuwa cewa rigar da aka ba shi shuɗiya ce tun asali. Ya ga haka har ranar da zai ajiye aiki. Sai ya ji bakinsa yana magana.

"Jama'a, na yanke. Ba Abijan za ni ba. Ɗaya kamfanin zan bi, tare da Takawa. Marsai za mu riƙa zuwa, ƙasar Faransa."

Aka dubi juna. Aka tambaya ko akwai wanda ɗansa yake Marsai. Babu. Ko wanda ya san wani wanda ɗansa yake can. Babu. Wani ya tambaya ko suna cin albasa. Takawa ya ce suna da tasu.

Taron ya watse yadda kasuwa ke watsewa in hadari ya taso. Kowa ya ɗauki nasa, ba fushi, sai dai irin tausayin da ake yi wa yaron da aka kashe wa kuɗin makaranta ya fito ba wayo. Tsohuwar ta sa aka ɗora mata turminta. Kawu Bawa ya bi buhunansa zuwa bakin hanya, yana faɗa wa duk wanda ya gamu da shi cewa boko yana gyara kai ne ta gefe guda. Zalika kaɗai ta tafi hannu wofi. Alƙasim ya kira ta, ta waiwayo ta ce ita ta riga ta ba da, ta wuce wurin aikinta.

Ya shiga cikin gida ya ajiye dutsen, ya zauna a kansa. Zaure ya koma fili, sai ɓawon albasa da kashin zabi. Ya kuɓuta, kuma bai taɓa jin baƙin ciki irin na wannan safiyar ba. Babban jirgin mai maɓallai har a rufi ya tashi ba da shi ba.

Inna Cima tana bakin murhu. Ta leƙa ta tabbatar ƙanenta ya yi nisa, sannan ta kira Takawa da sunansa, don abokin ɗa ba a jin kunyarsa.

"Takawa, zo ka riƙe min wanga ludayi."

Ya zo ya riƙe.

"Abokin nan naka, tun shina rarrafe, in ya so abu kunnuwanshi ka yin ja. Jiya da anka ambaci garin nan na bakin teku sun yi ja. Yau da ya ambaci garin nasaru ban ga komi ba."

"Inna, ai ba kya kallonsa," in ji Takawa.

"Rufe min baki. Ka ce mishi namiji ba ya barin abin da ranshi ka so don tsoron turmi da zabi. Shi tahi inda kunnuwanshi sunka nuna, Allah shi yi albarka. Mutanen gari sun ji Faransa, a bar su da Faransa. Ni ba mai tambayata labarinshi, an san ba ni faɗi."

Takawa ya juya zai isar, Alƙasim ya ce ya ji. Yana zaune taku kaɗan daga gare ta. Tunda aka haife shi bai taɓa jin ta yi doguwar magana haka a kansa ba. Ya miƙe zai je ya wanke fuska.

"Takawa," in ji Inna Cima, tana gyara itace a wuta, "dutsen nan da ya tashi daga kai, da hannunshi ya amsa. Gaban mutane."

Haka aka yi. Takawa ya tafi kamfanin araha, ya sami kujerar hagu da burodinsa a takarda. Alƙasim ya tafi Abijan, aka auna shi aka ɗinka masa kaya, aka ba shi hula. Ɗan duwan na filin jirgi ya buɗe jakarsa ya ga jan dutse a naɗe cikin tawul, ya juya shi, ya ƙwanƙwasa, ya kira babbansa, su biyu suka shinshina. Alƙasim ya ce tsarabar gida ce. Suka dube shi suka dubi takardunsa na matuƙi, suka yi wa fasinjojinsa addu'a a zuci, suka sake shi.

Alƙasim ya yi dabara. Ya tuɓe kayan aiki ya sa tsohuwar riga, ya zaɓi tsakar rana lokacin da mutane suke wurin nema, da niyyar ya danƙa dutsen, ya roƙi Ɗanladi ya rufa masa asiri, ya ɓace. Abin da bai lissafa ba shi ne yawancin 'yan Adar na unguwar Ajame gadi suke yi, rana ita ce lokacin barcinsu. Gidan da aka nuna masa dogon tsakar gida ne mai ƙofofi a jere, kuma kowace ƙofa da mutum a bayanta.

Ɗanladi ya fito yana murza ido, siriri, da zane a kafaɗa. Alƙasim ya ajiye dutsen a gabansa, ya faɗi saƙon kalma bayan kalma, har da cewa ba za a taimake shi ba. Ɗanladi ya sunkuya ya ɗaga. Ya kai shi gwiwa, ya kai shi ƙirji, ya yi ƙoƙarin kai shi ka, wuyansa ya ƙi. Ya sauke shi a hankali ya zauna kusa da shi, ya shafa jan ƙasar da ta maƙale a jikinsa.

"Na tsaunin bayan gonarmu na," ya ce daga baya.

"Sai amsa," in ji Alƙasim da ƙaramar murya. "Kuma don Allah kar kowa ya san na zo. A gida an san ina Faransa."

"Wanga ba a ba shi amsa da baki," in ji Ɗanladi. Ya miƙe ya ɗaure zanensa. "Ni za ka kai mata. Yaushe jirgin naka ka tashi? Ba ni da nauyi, ka gani da idonka, ko dutse ban iya ɗagawa. Ko bisa buhu sai in zamna."

Alƙasim ya buɗe baki zai yi bayanin tikiti, sai ya ji ƙarar sakata a bayansa, sannan wata, sannan wata. Wani ya ce, "Kai, wanga ba ɗan Cima ba na?" Wani ya ce shi ne, ga kunnuwan. Kafin ya juya, wani dattijo ya riga ya fito da keken ɗinki a ka, yana sallama tun daga nesa.

Alƙasim ya tura hannayensa biyu cikin aljihu har wuyan hannu. Dattijon ya iso, ya tsaya a gabansa da keken a ka, gumi yana bin fuskarsa, yana murmushi. Sa'an mahaifinsa ne. Suka tsaya haka, tsakar gidan tana cika. Daga ƙarshe mataimakin matuƙin babban jirgi ya zaro hannayensa.